Ramin da Aka Haƙa wa Baba

Matata ce ta zo da abin, wata Lahadi bayan mun dawo daga coci. A wurin aikinsu aka nuna musu wani gwaji na waya, wai ka amsa tambayoyi sai ya faɗa maka ko kai mai bin hankali ne ko mai bin zuciya. Ta yi nata, ya ce zuciya, kamar da can ba mu sani ba, macen da ke kuka in an yanka kazar da ta kiwata. Sai ta juyo kaina.

"Kai kam ba sai an gwada ba," in ji ta, "kalkuleta ce a ƙirjinka."

Haka kowa ke cewa tun ina yaro, ni ma har na yarda. Tana karanto mini tambayoyin, ina ɓarar gyaɗa ina amsawa, har ta karanto wata: in za ka yanke shawara mai nauyi, abin da ya dace kake dubawa ko yadda mutane za su ji? Nan take Baba ya faɗo mini a rai.

Baba ya zo Kaduna da ƙuruciyarsa aikin masaƙa. Masaƙar ta mutu, shi ya ci gaba da zama a unguwar Television har tsufa. Amma mu mutanen kudancin jihar, ko ina mutum ya rasu gida ake kai shi, a kwantar da shi bayan ɗaki kusa da iyayensa. Baba ya sha faɗa mana, "Duk ranar da ta zo, ku kai ni gida."

Ranar ta zo a lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar ƙauyenmu. Ni ne babba, sai na ce a nan Kaduna za a binne shi. Ban san samarin ƙauye sun riga sun haƙa kabari ba, don a wurinmu da an ji rasuwa ake ɗaukar diga. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta kira ni.

"Ɗana, rami fa a buɗe yake yana jiran mai shi."

"Gwaggo, hanya ba kyau. Ba zan kwashi motar mutane in kai su bakin kura ba."

"Ashe da gaske ne ba ka da zuciya," ta ce, ta kashe wayar.

Maganata gaskiya ce, har fasto ya goyi bayana. Amma akwai wata gaskiyar. Da na ga Baba a mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, ji na yi ba zan iya bari a kai shi inda sai shekara-shekara zan ga kabarinsa ba. Ina son sa kusa, inda Keke Napep zai sauke ni. To wanne ne ya yanke shawarar? Hankalin da ya auna hanya, ko yaron da ya ƙi sakin rigar ubansa? Har yau ban sani ba, kuma abin yana cin raina.

A Kaduna aka binne Baba, amma Gwaggo ta hana a cike ramin ƙauye. Ta sa aka rufe shi da tsohon kwanon rufi, aka danne da duwatsu. Na yi ta kira ba ta ɗauka, na aika mata atamfar Kirsimeti ta dawo da ita a ledarta. Kullum ina cewa in hanya ta yi sauƙi zan je in durƙusa, ta zage ni son ranta mu shirya.

Bara ta rasu. Ta bar wasiyya a sa ta a ramin yayanta. Na shiga mota na bi hanyar nan, ba ta gyaru ba ko kaɗan, kuma ban tsaya auna komai ba.

"Wanne zan danna maka?" matata ta sake tambaya.

Na ce ta danna wanda ta ga dama, na tashi na fita tsakar gida. Abin da nake gani shi ne ranar da aka ɗaga kwanon nan. Baba dogo ne, da tsawonsa aka auna ramin. Gwaggo kuwa 'yar guntuwa ce. Da aka saukar da akwatinta, sai ga fili ya rage wajen ƙafafu, ni aka miƙa wa shebur in fara cikewa.