Mutum Biyar a Gaban Buhunan Gyaɗa

Bayan rasuwar wana a Gazawa, matarsa ta miƙo mini wani tsohon hoto da ta tarar a ƙasan adakarsa, naɗe cikin tsumman atamfa. Maza biyar ne zaune a kan benci, buhunan gyaɗa jibge a bayansu. A bayan takardar an rubuta Cadawa da rubutun nasara, shi ke nan. Ta ce marigayin ya taɓa faɗa mata kakanmu yana ciki. Na ce wanne ne? Ta ce ba ta tambaya ba.

Ina goye kakana ya rasu. Abin da na sani game da shi bai cika tafin hannu ba: ya ƙetaro daga ƙasar Katsina yana saurayi, ya sari daji, ya yi gona. Ni kuwa na ƙarar da ƙarfina wajen fatauci a ƙasashen mutane. A Kumasi na ga gidajen da ake jera hotunan magabata a bango tun daga bakin ƙofa. A Sudan na zauna da wani mai shayi da ke lissafa kakanninsa goma sha biyu ba tare da ya ja numfashi ba. In aka juyo kaina, da duk harsunan da nake ji, a kan kaka nake tsayawa, shi ma ko fuskarsa ban sani ba.

Hoton nan ya hana ni zama. Na je Cadawa ranar kasuwa, na bi tsofaffi rumfa rumfa. Wani ya rantse mai rawanin da ke tsakiya kawunsa ne. Na kusa da shi ya ce, “Ƙarya kake, wannan ai mai awo ne, ya sha zagin ubanka.” Suka kama musu, suka manta da ni. A Agiye wani tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, ya ɗora gilashin ƙara girma a kai, ya daɗe yana dubawa, ya ce duk cikinsu ba wanda zanen fuskarsa ya fito. Na koma gida ina kwatanta hancina da na mai rawanin a madubi, kamar wanda ba shi da aikin yi.

Sai wata ƙanwata ta tuna mini da matar ƙanen babanmu. Tana nan da rai, ta koma wajen ɗiyarta a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna gida ɗaya da kakan. Washegari na kama hanya: mota zuwa Gidan Rumji, babur har inda yashi ya yarda, sauran a amalanken shanu.

Na tarar da ita a inuwar rumbu tana ɓarar wake.

“Mai yawon duniya! Yau ƙasashen sun ƙare ke nan ka tuna da mu?”

“Inna, tuba nake. Abu na kawo ki duba mini.”

Da ta ji ko wane ne a ciki, sai ta janye hannunta, ta gyara lulluɓi.

“Ni ban taɓa ganin huskarshi ba.”

“Haba Inna, shekara nawa kina gidansa?”

“Huɗu. Suruki ne hwa! Wa ka kallon huskar suruki? Sai dai a can inda kuka yi yawo. In na kai akushi durƙusawa nike, idona ƙasa, in aje in taso.”

Duk wannan tafiya, ga wadda ta dafa masa tuwo shekara huɗu, kuma ba ta fi ni saninsa ba. Na fara mayar da hoton cikin tsummansa.

“Kai dai da gaggawa, tun kana yaro. Kawo shi nan wajen haske. Ruhe musu kai da hannunka.”

Na ɗora tafina a kan fuskokin biyar. Ta sunkuyo har goshinta ya kusa taɓa takardar, tana bin ƙafafu da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce mai rawanin ko tsayawa ba ta yi ba. A kan na ƙarshe, can gefe, yatsan ya tsaya.

“Wanga ne. Ka ga ta hagun, diddige bai taɓa ƙasa ba? Kurkunu ya taɓa kama ta, ta warke a haka. Kullum gaban ƙahwar nan nike aje buta.”

Na ɗaga hannuna. Mutumin da ban taɓa kallo sau biyu ba ne, siriri, ba rawani. Daidai lokacin da aka ɗauki hoton ya juya kai, kamar an kira shi daga baya, fuskar ta zama hayaƙi. Ba ido, ba hanci, sai kunne guda.

Na ce, “Inna, ko da wa yake kama a cikinmu?”

Ta ɗauko kwandon wakenta. “Kama ban sani ba. Amma ɗazu da ka yi sallama daga bayan danga, ina jin muryar nan sai da na lalubi lulluɓina.”