Motar ta tashi, ƙofa ta hana

Har yau ban manta da wata Alhamis ba, ranar da na gama canza wa tsohuwar motata, bashe, pon na baya a tsakar gidana da ke unguwar Talaje. Ku da kuke garajin nan kun sha jin ina faɗa a kan awo. To, yau ku ji yadda mai faɗan ya yi da kansa.

Motar ta ma'aikatarmu ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol. Shekara ashirin ina duba ta, tun ina ƙaramin makanike har na zama shef na garaji, wato mai sa hannu kafin kowace mota ta fita. Da aka yanke cewa ta gama aiki, ni ma lokacin ajiye aikina ya zo, sai na cika takardu aka sallama mini ita. Da igiya aka jawo ta gida. Na ce wa matata, Hajiya Zainabu, wata uku zan tada ta. Sai da ta shekara huɗu a gindin dogon yaro, har kaji suka mai da ita wurin yin ƙwai.

Inji na gyara, birki na gyara, pon ne ya gagare ni. Ga wanda ba makanike ba, pon shi ne dogon ƙarfen nan mai tumbi a tsakiya da ke haɗa ƙafafun baya, shi ke karɓar ƙarfin inji ya juya tayoyi. Nata haƙoran ciki sun cinye, irinsa kuma ya yi wuyar samu a Yamai.

Ana nan aka sa ranar bikin ƴarmu Rakiya, wata Asabar. Hajiya ta same ni ina kwance ƙarƙashin motar.

"Alhaji, a filin nan za a kafa rumfa. In motar nan ba ta fita da ƙafarta kafin la'asar ɗin Alhamis ba, na riga na yi magana da masu tsohon ƙarfe. Su zo su yanka ta su kwashe."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A nan na san maganar ba ta wasa ba ce, ga shi motar nan ina jin ta a raina.

Washegari na dira kasuwar Katako tare da Hamani, abokin aikina na dā, Bazabarme, gwanin walda. Muka yini muna tona tarin ƙarafa har muka sami pon na wata mota da ta fi tawa girma kaɗan. Haƙoransa garau. Na auna, ya fi tsohon tsawo da yatsa huɗu a kowane gefe. Na ce ba komai, mota ma ta fi zama daram a kan hanya. Aka ɗora shi a amalanke zuwa gida.

Ranar Laraba muka fara, bisa ƙa'ida. Muka tokare tayoyin gaba da duwatsu, muka ɗaga baya da kirik, wato jak, muka ajiye shasi a kan kututture, don mai hankali ba ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita. Na tsiyaye mai, na kwance bututun birki da sandar da ke kawo juyi daga inji, sannan muka saki manyan bulon da ke ɗaure pon da lam, wato ƙarafan da ke ɗaukar nauyin mota. Tsohon pon ya sauko da tsatsarsa. Hamani ya yanke mazaunin lam na sabon, ya matsar da shi ciki, ya liƙe. Sau uku nake auna kowane gefe, har ya gaji da ni.

"Shef, wannan mota ne ko agogo?"

"Yi walda dai, Hamani."

Da azahar ɗin Alhamis komai ya zauna. Na zuba mai, muka fitar da iska daga birki, na murza kile, wato makullin mota. Ta yi tari sau biyu, ta kama! Matan da ke dakan biki suka saki taɓarya suka rangaɗa guɗa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. A daidai nan mai tsohon ƙarfe ya iso da amalankensa da tukunyar gas ta yanka, ya tsaya a waje yana jira. Na ɗaga masa hannu ta taga, irin na sai wata rana.

Na nufi ƙofa a hankali. Gaba ya wuce, kabin ya wuce. Sai na ji ƙiii, motar ta tsaya cak. Na sauko na duba. Tayoyin baya biyu sun dafe ginshiƙan ƙofa, hagu da dama. Ranar da aka shigo da ita ma da ƙyar ta wuce, ga shi na ƙara mata faɗi da hannuna. Na auna kowane bulon da ke jikinta, ban auna ƙofar gidana ba.

Hamani ya zauna a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. "Kala suru, Shef, sai haƙuri. Ta yi ƙiba a baya."

Muka sace iskar tayoyi, bai yi ba. Mai da tsohon pon ba shi da amfani. La'asar kuma ta kusa. Mai tsohon ƙarfe ya matso da ladabi ya ce, "Alhaji, in daga nan ne ma zan iya farawa, rabi na waje."

Ginshiƙan nan kuwa Hajiya ce ta sa aka yi musu sabon shafe da fenti shuɗi saboda baƙi, satin nan aka gama. Ko a mafarki ban isa in ce a taɓa su ba. Na tsaya da kile a hannu kamar wanda aka kama da satar kaza.

Hajiya ta fito daga madafa, ta zagaya motar, ta dubi ginshiƙi, ta dube ni. Ta koma ciki. Na ce shi ke nan, an gama. Sai ga ta da babbar gudumata, ta ɗaure zane tamau, ta maka wa ginshiƙin hagu. Fenti ya tarwatse. Ta miƙa wa Hamani gudumar.

"Ƙarasa, hannuna ba ƙarfi."

Na ce, "Hajiya, bikin fa? Ba ke kika kira a yanka ta ba?"

"Alhaji, da yanka ta nake so, da tun shekarar farko an yanka. Shekara huɗu ina kallon ƙafafunka kawai daga ƙarƙashin mota. So nake in ga ka fito."

Kafin a kira salla motar ta fita da ƙafarta. Aka sallami mai tsohon ƙarfe da tsohon pon da kwanon dambu, ya tafi yana murna.

Abin da na koya shi nake gaya muku: aiki bai ƙare ba don inji ya tashi, sai mota ta kai inda za ta. Kuma mu makanikai mun iya sauraron ƙarfe, amma mutumin da ke tsaye kusa da mu yana jira, shi ba mu cika jin sa ba. Ranar Asabar baƙi suka riƙa tsallake baraguzai suna tambaya ko mota ce ta bugi ƙofa. Ina jin Hajiya tana ba su amsa da ƙarfi, don kowa ya ji: "A'a, ni na fasa. Maigidana ne ya tada mota."