Naman Mushe

Da na dawo Babura da digirina na Faransanci da ilimin tallata kaya, da ƙyar ƙasa take ɗaukata. Aiki bai samu ba, ilimi kuwa yana ta yi mini ƙaiƙayi. Sai na huce a kan Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai balangu a bakin tasha, wanda da wuƙarsa aka yi rabin karatun nawa.

Na ce, "Kawu, namanka ba shi da na biyu, suna kawai ya rasa. Ga direbobin Nijar suna wucewa kullum. Da harshensu za mu kamo su."

Ya ce, "Harshensu ai Hausa ce."

Na yi masa wata 'yar dariya ta masu digiri. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, ku ne 'yan boko."

Na sa aka rubuta allo da jan fenti: Chez Monsieur, wato wajen Maigida. Direbobi kuwa suka fara tsayawa, ni kuma na fara tafiya hannu a aljihu. Abin da ba a koya mana a aji ba shi ne, a ƙetaren iyaka bakin mutane ya tauna kalmar Monsieur ɗin nan har ta koma "mushe". Haka suke kiran malamin makaranta, ba wanda yake jin komai.

Ranar kasuwa, tasha ta cika maƙil, wani direba ya ƙwala wa abokinsa kira: "Taho mu ci naman Mushe, ya fi na kowa taushi!"

Wani dattijo ya tofar da lomar bakinsa yana salati. Na miƙe zan yi bayani, na fara da asalin kalmar, ban kai rabi ba benci ya zama wayam. Kafin la'asar Sarkin Pawa ya aiko a kira Kawu, mutumin da tun ban san hannun damana ba ake shaidar yankansa. Ina kallonsa ya wanke hannu ya sa hula ya bi ɗan aike, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya daɗe yana yanka a bainar jama'a kafin masu saye su dawo. Bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi na huta. Ya dai cire allon ya miƙo mini, ya ce, "Nama ya wanku. Suna kuwa kai ka kawo, riƙe kayanka."

Sunan kuwa ya bi ni. Yanzu ina koyar da Faransanci a Kazaure, ɗalibai na ce mini Mushe ina amsawa, don a ajin Faransanci daidai ne. In na je gida kuwa, tun daga nesa Kawu zai ɗaga wuƙa, tasha duk tana ji:

"Mushe, ɗana! Zo ka ci halal."