Na Ƙi Cire Ƙafar Roba a Bikin Ƙawata, Na Rasa Gwiwata

Edita, lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama sakandare ba, ina taya mahaifiyata Mma sayar da atamfa a kasuwar Alabar. Duk unguwarmu Moshi Zango an san ni da baki da gaggawa, ko trotro, motar hayarmu, ba na iya jira ta cika. Wata rana mota ta banke pragyar da na hau, keken nan mai ƙafa uku, na farka a asibiti babu ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Ciwon bai dame ni kamar masu dubiya ba. Kowa ya shigo sai ayya, sai kallon zanen da na rufa. Wata gwaggona ma na ce mata ƙafa aka yanke mini ba kunne ba, ta daina raɗa a kaina. A hankali kowa ya daina zuwa. Mma ta fita kasuwa, ni in wuni da bango.

Da aka haɗa mini ƙafar roba, mutumin da ya auna ni ya ce in gode wa Allah da aka bar mini gwiwa, da ita zan yi tafiya kusan kamar da. Amma ya ce in riƙa sa ƙafar kaɗan-kaɗan, kullum in cire in wanke dungun in duba, in na ga ja ko ƙuje in ajiye ta in dawo. Na ce to, don dai ya sallame ni.

Ana nan sai bikin ƙawata ya taso, ita kaɗai ce ba ta yi fushi da ni ba. Kun san yadda muke yi a zango, ƙawaye su tare a ɗakin amarya har a kai ta, ci tare, kwana tare. Ranar lalle mai zanen ta gama mini ƙafar dama, ta yi turus. Na ce mata ta ci gaba, ai ta robar ba ta motsi, ta fi sauƙin aiki. Ɗaki ya ɗauki dariya, wata ta ce gara in riƙa ba da hayarta a koyi zane. Ranar ce aka fara tsokanata kamar mutum, ba wanda ya ce ayya. Sai na ƙudurta ba zan cire ta a gabansu ba, kada su ga dungun su koma tausayi. Da ita na yi rawa, da ita na kwana, har aka watse. Ina jin zafi, daga baya ina jin danshi a safa, na share.

Da na koma gida Mma ce ta taya ni zarewa, warin ya sa ta kau da kai tana salati. Ko a nan sai da na ɓoye zazzaɓi, na ce gajiyar biki ce. Kafin mu je asibiti ciwon ya ci sama. Likita ya ce ba yadda za su yi, aka sake yankewa a saman gwiwa.

Yanzu ina koyon tafiya da wata ƙafar mai gwiwar ƙarfe, ko matakalar ƙofarmu sai na yi lissafi. 'Yan'uwa masu ƙafa ko hannun roba, ku ji maganar masu aikin nan, ku cire ku duba ko a gaban wa kuke. Da a ce na zare ta a ɗakin amaryar nan, iyakaci su yi shiru na ɗan lokaci. Kunyar wannan shirun ce ta cinye mini gwiwa, kuma babu asibitin da zai dawo mini da ita.