Shuɗin Mayafin Da Na Kulle

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Asabar ba. Waɗanda ke tsakar gidanmu a Tudun Wada ranar su ne ni, da jikata mai shekara shida, da yaran makwabta huɗu, sai 'yar hayarmu, wata malamar zane 'yar Kafanchan da ke koya wa yaran zane. Ni ban taɓa shiga aji ba, na zauna ne kawai in sa ido kada a ɓata mini bango da fenti.

Wata bakwai ke nan da rasuwar 'yata, uwar yarinyar. Na hana kuka a gidan, na kulle kayanta a akwati, na ce haƙuri ake yi. Yarinyar ta bi umarnina har ta daina magana sai dole.

Malama ta jera launuka kashi biyu. Ta ce ja da ruwan ɗorawa da ruwan lemo masu ɗumi ne, kamar wutar murhu. Shuɗi da kore masu sanyi ne, kamar kogin Kaduna da asuba. Na ce, "Oh, yau kuma fenti ne da zazzaɓi?" Ta yi dariya ta ce, "Mama, duba ki gani. Mai ɗumi matsowa yake, mai sanyi kuwa ja da baya yake."

Na duba takardun. Wallahi jan kamar zai taɓa ni, shuɗin kuwa yana ta tafiya, kamar hayaƙi, kamar wanda ake kira a mafarki ba ya waiwayowa.

Jikata shuɗi kaɗai take shafawa, wata doguwar mace cikin mayafi. Nan take na gane mayafin, na uwarta ne, shi ne a saman kayan da na kulle a akwatin. Can sai na ji muryarta, siririya: "Anti, in na sa mata ja, za ta matso?"

Malama ta dube ni. Ni da ake tsoron bakina a layinmu, sai na tura wa jikata gwangwanin jan da ƙafata. Ta zagaye mayafin da shi a hankali, sannan ta kifa kai a cinyata ta yi kukan wata bakwai. Ban hana ta ba.

Ranar na gane shirun yaro ba haƙuri ba ne, ni ce na tura uwarta nesa.

Washegari bayan sallar asuba na buɗe akwatin, na ɗauko mayafin, na bi bakinsa da jan zare, na lulluɓa wa jikata tana barci.