Yadda Na Bi Sawun Matar Yayana Ta Rautarta

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta, ina aiki a wani shagon sayar da wayoyi da kayan intanet a Jimeta. Ni ce ke saita wa mutane rauta, wato na'urar nan da ke raba wayfai a gida, kuma a gidanmu da ke Rumde duk abin da ya shafi waya ni ake kira. Babban yayanmu, wanda muke ce wa Hamma, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinmu, abin da ya faɗa shi ake yi. Matarsa malamar sakandare ce, muna kiranta Adda. Mace ce marar yawan magana, mu kuwa muka ɗauki shirunta a matsayin girman kai. Na san yana dukanta. Na sha ganinta da kumburarren leɓe tana cewa ƙofa ce ta buge ta, ni kuma sai in shiga ɗakin Dada, mahaifiyarmu, in kwaikwayi yadda take magana, mu yi ta dariya.

Wata ranar Litinin ta fita kamar za ta makaranta, ba ta dawo ba. Ta ɗauki kaya kaɗan, da takardunta, da rautar ɗakinsu, domin tana wani karatu ta intanet. Ta kashe layinta, ta ɗauki hutu a wurin aiki, iyayenta kuma suka rantse ba su san inda take ba. Sati uku Hamma yana yawon nema. Ba kewarta ce ke damunsa ba, tsokanar abokansa a majalisa ce ke cin ransa. Ni ma ina jin haushinta, ina ganin ta zubar mana da mutunci a unguwa.

Sai na tuna kwalin rautar yana nan a kan durowarsu, domin ni na saita musu ita. Kowace rauta tana da lambarta ta musamman da ba ta canzawa ko an sake mata suna, ko an sake layin da ke cikinta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wayoyin masu wucewa suna lura da duk rautar da suka gifta, su aika lambarta da wurin da take zuwa rumbunan bayanan da taswirar waya ke amfani da su. Wanda ya san lambar kuma ya san inda zai tambaya, yana iya ganin inda na'urar take. Na kwafi lambar daga jikin kwalin na shiga nema. Kwana huɗu ban ga komai ba. A na biyar sai ga ɗigo ya bayyana a wajen Njuwa, cikin gidajen masu noman shinkafa da kayan lambu. Wallahi murna na yi. Da na nuna wa Hamma, sai ya dafa kaina ya ce ashe ni kaɗai ce namiji a gidan.

Ranar Asabar da hantsi muka tafi. Ɗigon ya haɗa gidaje biyar ko shida, don haka na riƙa bin lungu da wayata a hannu har wayfai mai wannan lambar ya fito da ƙarfi a bakin wata ƙofar langalanga. Hamma ya ce idan ta ji muryarsa ba za ta buɗe ba, ni zan buga. Na buga, na ce Adda ni ce, ni kaɗai na zo, hankalina ne ya kasa kwanciya. Ta buɗe, ta rungume ni tana tambayar jikin Dada. Tana riƙe da ni ya fito daga bayan katanga. Ba zan rubuta duk abin da ya yi mata ba. Abin da zan rubuta shi ne nawa: da matan maƙwabta suka rugo, ni na tsaya a bakin ƙofa na tare su, na ce tsakanin miji da mata ne, kowa ya koma gidansa. Sai da wani dattijo ya ture ni ya shiga. A lokacin jini na zuba daga kunnenta na hagu.

A asibiti tambaya ɗaya Adda take ta yi, wa ya faɗi inda take. Mutum ɗaya ce ta san maɓoyarta, abokiyar aikinta, wata malama Kirista 'yar kudancin jiha, wadda ta samo mata ɗakin a gidan goggonta ita malamar, take kuma kai mata cefane duk sati. Hamma ya ce ai ƙawar tata ce ta tona. Adda ta juyo ta dube ni, na gyaɗa kai, har na ƙara da cewa ita da kanta ta kira ni a waya. Na yi haka ne don ba na so ta san ni na gano ta, kuma ina jin zafin a ce bare ce ta ɓoye matar gidanmu. Da yamma malamar ta zo da fulas ɗin kunu. Adda ta ce a fitar mata da munafuka, a gaban majinyata da masu jinya. Matar nan ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, tana rantsuwa da Allah cewa ko mijinta ba ta gaya wa ba. Ni ina zaune a gefen gado ina ɓare lemo. Maganar ta bazu a makarantarsu, mutane suka daina amincewa da malamar, kafin ƙarshen zango ta nemi canjin wurin aiki ta koma garinsu.

Kotu ta raba auren. Kunnen bai sake ji ba, har Adda ta bar aji ta koma ofis tana jera fayil. Ni kuwa na ci gaba da rayuwata kamar ba abin da ya faru, har sai da wani mutum ya shigo shagonmu bayan shekara uku da kwalin rauta a hannu. Ya ce Hamma ne ya turo shi, ya ce masa ƙanwarsa ta iya nemo matar da ta gudu. Na ce ba na irin wannan aikin. Ya yi dariya ya ce amma ai na yi wa yayana. Bayan fitarsa na yanke shawarar in je in faɗa wa Adda gaskiya.

A satin na je wurin Adda. Na zauna kusa da ita na faɗi komai kaina a ƙasa. Da na gama sai ta ce ba ta ji ba, a gefen mataccen kunnen na zauna, in zagayo in sake. Na zagaya na sake faɗa tun daga farko. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kunnen ta bar wa Allah, amma shekara uku tana tsine wa mutum ɗaya tilo da ta tsaya mata, wannan ba ta san wa zai biya ta ba. Ta ce in tashi in je in gaya wa matar da bakina. Na je har garinsu. Malamar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta daɗe da yafewa don ta samu barci, amma ba za ta iya sake kallon fuskar Adda ba tare da ta tuna ranar asibiti ba. Har yau ba sa magana. Ni kuma Adda ba ta amsa sallamata.

Abin da na koya shi ne na'ura ba ta da mugunta, ni ce na zuba mata tawa. Ina gargaɗin duk wadda ta gudu don tsira da ranta: sake layi kawai bai isa ba, kada ki tafi da rautar gidan da kika baro, kuma kada ki bar kwalinta a hannun kowa. Ku kuma 'yan'uwana masu aikin waya, idan wani ya kawo muku lamba ya ce ku nemo masa wuri, ku tuna akwai mutum a bayan ƙofar nan, kuma da dalili ya kulle ta. Ku tambayi kanku me zai faru idan an buɗe. Ni na san amsar tun kafin in buga, amma na buga.