Karkataccen Yatsan Baba Magini

Wata rana, wata Asabar da ba ni da aikin fari balle na baƙi, na ce bari in hau jirgin ƙasan nan na cikin gari, in riƙa sauka duk tashar da ta yi mini.

Kun san halina. Ciki a gaba, waya a hannu.

A tashar farko na ci waina da miyar taushe. A ta biyu na tsaya ina ɗaga kai ina kallon wani dogon bene na gilashi har hulata ta faɗi. A ta uku wata mata ta sayar mini da awara mai yaji, ina ci ina hawaye ina cewa a ƙaro.

A tasha ta huɗu ne bakina ya ja mini.

Da fitarka daga tashar akwai wani gidan abinci da aka yi wa gaba da ginin jar ƙasa irin na da, har da zankwaye a sama. Bangon cike yake da zane. Ga dagi a tsakiya, ga layuka uku-uku suna zagaye shi suna nannaɗewa, babu inda suka katse.

Na kunna bidiyo kai-tsaye, na gyara murya irin ta masana.

Na ce, "Jama'a ku ga aiki! Wannan da gani inji ne ya buga shi. Kamfanin waje ne, ko tantama babu. Ina mutanenmu za su iya wannan tsaftar aiki?"

Ban sani ba, kuma ban tambayi kowa ba. Na dai faɗa.

Ashe a bayana akwai wani dattijo da matarsa. Daga baya na ji labarinsu. Magini ne, kuma shi ya zana bangon nan shekara uku da suka wuce. Tun da ya koma garinsu yake ba ta labarin aikin, ita kuwa tana cewa cika baki ne irin na maza. Da ƙyar ya lallaɓa ta ta biyo shi ta gani da idonta. Ranar ce ma farkon hawanta jirgin ƙasa.

Ko minti biyar ba su yi da isowa ba, ni kuma na buɗe baki.

Tsohuwar ta dubi mijinta ta ce, "To Malam, ka dai ji. Ɗan boko ma ya ce inji ne."

Wallahi sai da na ga fuskar dattijon ta canza. Amma bai yi faɗa ba. Ya naɗe hannun riga, ya matso kusa da ni.

"Samari, injin naka ya taɓa karya yatsa?"

"Ban gane ba, Baba."

"To dubi layin tsakiya."

Na duba. Duk inda layukan nan uku suka bi, na tsakiyan yana ɗan jingina da na dama.

Sai ya ɗaga hannunsa. Yatsansa na tsakiya a karkace yake, azara ce ta faɗo masa tun yana saurayi. Ya sa yatsu uku cikin layukan ya ja a hankali, suka bi tsaf tun daga ƙasa har daidai kafaɗarsa. Da yatsun ya zana shi, tun yaɓen yana ɗanye.

Na dubi wayata. Mutum fiye da ɗari biyu suna kallona ta waya, har wani ya rubuto, "Masani, muna jin ka." Kunya ta rufe ni kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya yi dariya ya ɗaga ni.

Ita kuwa tsohuwar sai ta nufi zanen. Ta je ta ɗora tafin hannunta a bangon, ta daɗe a haka.

Can ta juyo ta ce, "Ashe ka iya haka, amma bangon madafata tun damina yake a tsage?"

Masu jiran jirgi suka kwashe da dariya, har shi.

Sannan ta gyara mayafi, ta tsaya kusa da mijinta, ta yafito ni. "Ɗan nan, zo ka ɗauke mu hoto, zan kai wa matan unguwarmu. Ka tabbata hannunsa ya fito sosai."

Darasi:

Da yawanmu in muka ga abu mai kyau sai mu ce daga waje yake, in muka ga marar kyau sai mu ce ai namu ne. Kafin ka yanke hukunci kan aikin da ba ka san wanda ya yi ba, tambaya tukun. Wataƙila mai shi yana tsaye a bayanka, da wanda yake so ya burge a gefensa.

In kana da uba, ko uwa, ko maƙwabci mai sana'ar hannu, tura masa wannan. Ka kuma yaba masa tun yana jin ka.